Yadda ake kare amya daga rinar Asiya mai ƙafafu ruwan ɗorawa

A shekarar 2004 aka fara ganin wannan rina a yankin Lot-et-Garonne da ke kudu maso yammacin Faransa. Ana kyautata zaton ta shigo ne cikin kayan tukwane da aka yi odarsu daga ƙasar Sin, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna alamar cewa sarauniya ɗaya tak ce tsatson duk waɗanda suka bazu a Turai daga baya. A 2010 ta shiga Spaniya, a 2011 Fotugal, a 2012 Italiya, a 2014 Jamus, sannan a 2016 aka ga gidanta na farko a Ingila, a garin Tetbury. A 2023 ta ɓulla a jihar Jojiya ta Amurka. Masana na kiranta Vespa velutina, kuma tun 2016 Tarayyar Turai ta saka ta cikin jerin baƙin halittu masu ɓarna da ya wajaba ƙasashe su sa wa ido.

Kafin a shiga batun tarko da raga, ya kamata mai kiwon zuma ya gane ta inda ɓarnar take zuwa. Rinar takan zo gaban amya ta tsaya cak a iska, ta juya wa ƙofa baya, tana jiran ƙudan da ya dawo daga kiwo da kaya niƙi-niƙi. Da ta cafke shi sai ta tashi zuwa reshe mafi kusa, ta rataya da ƙafafun baya, ta yanke kai, ta cire fukafukai da ƙafafu da ciki, ta dunƙule naman ƙirjin ta kai wa 'ya'yanta. Abin ba daɗin gani, amma amya mai ƙarfi tana iya jure asarar 'yan ƙudaje a kullum. Abin da ba ta iya jurewa shi ne tsoro. Idan rina uku ko biyar suka yi dafifi a bakin ƙofa, ƙudan sai su daina fita, su cunkushe a kan katakon sauka suna gadi. Ba ruwan fure, ba garin fure, sarauniyar zuma ta rage ƙwai, kuma wannan yana faruwa ne daidai watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ya kamata a haifi ƙudan da za su raya amyar a hunturu. Amyar da aka yi wa irin wannan ƙawanya takan mutu a Janairu ko Fabrairu, mai ita ya ɗora laifin a kan sanyi. Don haka aikinka iri biyu ne: ka sa ƙudanka su ci gaba da fita kiwo, kuma a gano gidan rinar kafin sabbin sarauniyoyi su watse.

Mataki na farko: ka tabbatar ita ce

Ma'aikaciyar rinar ba ta wuce santimita 2 zuwa 2.5 ba, sarauniya kuma takan kai 3. Ƙirjinta baƙi ne wuluk mai laushi, cikinta ma duhu ne in ban da gaɓa ta huɗu daga sama, wadda take ruwan lemo. Fuskarta ruwan lemo ce, ƙarshen ƙafafunta kuma ruwan ɗorawa. Daga nesa, abin da ido zai kama shi ne baƙin ƙwaro mai ɗamara ɗaya mai haske kusa da wutsiya.

Wadda aka fi rikita ta da ita ita ce rinar Turai, Vespa crabro. Waccan ta fi girma, cikinta ya fi yawan ruwan ɗorawa, ƙirji da ƙafafunta ja-ja ne, kuma tana yawo da dare har ta zo wurin fitila. Ta Asiya ba ta fita da dare. Rinar Turai 'yar gida ce, tana da amfaninta wajen rage ƙwari, a Jamus ma doka ta hana kashe ta. Kada ka huce haushin wata a kan wata.

Idan ka gan ta, ɗauki hoto ka kai rahoto. A Birtaniya akwai manhajar waya mai suna Asian Hornet Watch, kuma jami'an kula da lafiyar ƙudan zuma na gwamnati ne ke bin sawu. A yankin Flanders na Beljiyam ana amfani da Vespa-Watch. A Faransa ana tuntuɓar ofishin magajin gari ko ƙungiyar masu kiwon zuma ta yankin. Rahoto ba hoto ba ya da nauyi, domin yawancin abin da jama'a ke turawa wasu ƙwari ne daban.

Mataki na biyu: Fabrairu zuwa Mayu, lokacin sarauniya ita kaɗai

Gidan rina shekara ɗaya yake yi. Da hunturu duk mazauna cikinsa suna mutuwa sai sabbin sarauniyoyin da suka ɓuya a ƙarƙashin ɓawon itace, cikin tarin itacen wuta ko a ramin ƙasa. Da gari ya fara ɗumi kowace sai ta fito, ta sha ruwan fure, ta fara gina ɗan ƙaramin gida ita kaɗai da ɓawon itacen da ta tauna ya zama kamar takarda. Wannan gida na farko bai fi ƙwallon tanis girma ba, ƙofarsa a ƙasa take, kuma takan maƙala shi inda ruwan sama ba ya kaiwa: ƙarƙashin rufin rumfa, cikin gareji, ɗakin ajiyar kayan lambu, saman taga, har cikin amyar da aka bari ba kowa.

Ka riƙa zagaya irin waɗannan wurare sau ɗaya a mako, kana ɗaga kai. Wannan ne lokaci mafi arha a duk shekara, domin gida ɗaya da aka kawar a Afrilu ya rage maka dubban rina a Satumba. Sharaɗin kawai shi ne sarauniyar ta kasance a ciki lokacin da aka cire shi, wato da dare ko da asuba. In aka fasa gidan tana waje, gobe za ta fara wani a inda ba ka sani ba. Da zarar ma'aikatan rinar sun fara fitowa, to aikin ya fi ƙarfinka, sai masu sana'ar kawar da gidajen rina.

Batun kafa tarkon sarauniyoyi a wannan lokaci kuwa akwai jayayya a kansa tsakanin masu kiwo da masana ƙwari, kuma a ganina masanan suna da hujja. Tarkon gorar roba da aka yanke aka zuba zaƙi a ciki yana kama komai: ƙudaje, malam-buɗe-littafi, asu, rinar Turai, su nutse su mutu, rinar Asiyar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba. Idan za ka kafa, ka kafa ne kusa da amyoyin da aka kai wa hari bara, na 'yan makonni kawai, kuma tarkon ya zama mai zaɓe. Ramin shiga ya kasance wajen milimita 8 don manyan ƙwari su kasa shiga, a yi ramukan fita na milimita 5.5 don ƙanana su tsere, a sa soso ko raga a kan ruwan zaƙin don kada kowa ya nutse. Abin jan hankalin da aka saba haɗawa a Faransa shi ne baƙar giya, farar giyar inabi da ruwan sukari mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, kashi ɗaya-ɗaya; warin barasar ne ke korar ƙudan zuma. A Galisiya ta Spaniya da yawa ruwa da sukari da yis kawai suke haɗawa su bar shi ya yi tsami. Kada ka sa zuma ko kaki, domin za ka jawo ƙudanka cikin tarko, kana iya yaɗa cuta kuma. Ka duba tarkon kullum. In akwai rinar Asiya a ciki, saka tarkon dungurungum a firiza ya kwana. In babu, buɗe ka saki sauran.

Mataki na uku: ka gyara amyar kafin rinar ta iso

Rina tana da hancin gano amya mai rauni. A jerin amyoyi goma, za ka ga ta fi matsa wa ɗaya ko biyu, galibi na gefe ko waɗanda sarauniyarsu ta tsufa. Don haka tun watan Yuni da Yuli ka yi wa kanka hisabi. Amya biyu marasa ƙarfi gara ka haɗe su su zama ɗaya. Ka yi maganin kaskar varroa a kan lokaci, domin ƙudan da kaska ta tsotse ba su da ƙarfin gadi. Kada ka raba amya a ƙarshen bazara inda rina ta yi yawa. Ƙaramin rukuni ba ya kai labari.

Ka toshe duk wata tsaga a jikin akwatin. Idan ƙasan amyarka raga ce, ka mayar da farantin ƙasan ko ka kewaye ƙafafun teburin da katako ko buhu, saboda rina na son laɓewa a ƙarƙashi inda ƙamshin amya ke fita, ta yi kwanton ɓauna. Ka bar ciyawa ta yi tsawo a gaban ƙofa, ko ka kafa 'yan rassa: ƙudan zuma yana iya kurɗawa ta tsakaninsu, ita kuwa rina tana buƙatar fili don ta tsaya a iska. Kada ka bar ɓarɓashin saƙa ko ɗigon zuma a ƙasa bayan ka yi aiki, kuma idan hari ya fara ka taƙaita buɗe amya, ka yi shi da sassafe ko dab da magariba, cikin hanzari.

Mataki na huɗu: Yuli zuwa Nuwamba, lokacin ƙawanya

A tsakiyar bazara yawancin gidajen rina suna ƙaura. Ma'aikata sukan gina sabon gida babba, galibi can ƙololuwar bishiya sama da mita 10, ko da yake ana samunsa a cikin shinge, jikin gini, har ƙasa-ƙasa cikin sarƙaƙiya. Wannan gida yana iya kai santimita 80 a tsawo ko fiye, ƙofarsa a gefe take, kuma a kaka ɗaya yana fitar da rina dubbai. Wani bincike a Faransa ya ƙiyasta cewa gida ɗaya yana cinye ƙwari kimanin kilo 11 a shekara, kuma ƙudan zuma kaso ne babba a ciki. A nan ne kayan kariya suke shigowa.

Na farko shi ne takunkumin amya. Keji ne na ragar waya da ake ɗaurawa a gaban ƙofa, ya turo gaba kamar taƙi ɗaya ko fiye. Ragar da aka fi amfani da ita mai ido milimita 13 ce: ƙudan zuma yana wucewa ba tare da ya rage gudu sosai ba, rina ma za ta iya shiga amma ba ta so, domin a ciki ba ta da filin juyawa. Takunkumi ba ya kashe rina ko ɗaya, har wasu kan raina shi saboda haka. Amfaninsa shi ne yana tura ta nesa da ƙofa, ƙudan su samu farfajiyar da za su tashi ta kowace kusurwa, tsoro ya ragu, kiwo ya ci gaba. In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, ni wannan zan ce ka fara saya, ko ka haɗa da kanka da katako da raga. Ka ɗaura shi da zarar ka ga rina ta farko tana shawagi, ka ba ƙudan kwana biyu su saba da sabuwar hanya.

Na biyu shi ne rage ƙofa. Ana sa ƙarfe ko roba mai ramuka da tsayinsu bai wuce milimita 5.5 ba, wanda ma'aikaciyar zuma ke wucewa amma rina ba ta iyawa. Wannan yana da muhimmanci musamman daga ƙarshen Satumba, lokacin da sanyin safiya ke sa ƙudan su dunƙule a ciki su bar ƙofa ba mai gadi, ita kuwa rina tana jure sanyi fiye da su, sai ta shige ta kwashi zuma da tsutsa. Sai dai mazan zuma ba sa iya wuce wannan rami. Idan har yanzu akwai su da yawa a amyar, za su toshe ƙofar da gawarwakinsu, don haka ka riƙa dubawa kana sharewa, kuma kada ka sa shi a amyar da sabuwar sarauniya ba ta riga ta fita barbara ba.

Na uku shi ne garayar lantarki, wadda masu kiwo a Galisiya da Faransa suka yawaita amfani da ita. Firam ne da aka ja wa siraran wayoyi a tsaye, tazarar kimanin santimita 2 tsakanin kowace biyu, ana ba su wuta daga batir ko farantin hasken rana. Ƙudan zuma ƙarami ne, yana wucewa bai taɓa waya biyu a lokaci ɗaya ba. Rina kuwa fukafukanta sun fi faɗi, sai ta haɗa biyun, wuta ta buge ta, ta faɗa cikin farantin ruwa da ke ƙasa. Wurin ajiye ta ne sirrin: a tsakanin amya da amya, a gicciye da layin, domin rinar da ta kasa kamu a ƙofa ɗaya takan zagaya ta gefe zuwa ta gaba. Tana da tsada, tana son a riƙa share ciyawa da yanar gizo-gizo daga wayoyin, kuma raɓa na iya sa ta kama ƙudan zuma, shi ya sa wasu ke kashe ta da dare su kunna bayan rana ta ɗaga. Amma inda hari ya yi tsanani, ita ce ke rage yawan rina a gaban amya a zahiri.

Tarko a wannan lokaci yana da gurbi, amma sai hari ya riga ya fara. Kafa shi tun babu rina gayyata ce. A sa shi a bayan amyoyi ko gefensu. Tunda yanzu nama suke nema wa 'ya'yansu, ɗanyen kifi ko jatan lande yana jan su, sai dai yana ruɓewa da wuri, a canza shi bayan kwana biyu. Mai amya biyu ko uku a bayan gida kuma kada ya raina raket ɗin badminton: rinar da ta tsaya a iska tana da sauƙin bugu, kuma rabin awa da safe yana ba ƙudan sararin fita.

Sai ciyarwa. Ɗaga bayan amyar ka ji nauyinta kowane mako. In ta yi sauƙi, ba su ruwan sukari mai kauri a cikin amya, da yamma bayan rina ta koma gida, ba a fili ba. In garin fure ya yanke, a ƙara musu abincin da ke maye gurbinsa don sarauniya ta ci gaba da ƙwai. Ka ajiye ruwan sha kusa. Idan duk wannan bai hana ƙudan zaman dirshan a ƙofa ba, ɗauke amyoyin ka kai su wani wuri mai nisan kilomita da dama. Ba abin kunya ba ne.

Abu ɗaya da za ka ji ana raɗe-raɗinsa: a kama rina a shafa mata maganin ƙwari, ko a ajiye nama mai guba don ta kai gida. Doka ta hana wannan a ƙasashen Turai, kuma da dalili. Ba ka san inda gubar za ta ƙare ba, tsuntsaye na cin tsutsar gidan da ya mutu, kuma maganin da ke kashe rina yana kashe ƙudan zuma da ɗan mitsitsin adadi.

Mataki na biyar: bin sawu har gida

Duk abin da aka lissafa a sama sayen lokaci ne. Hari ba ya ƙarewa sai an kawar da gidan, kuma a nan masu sa-kai na tsibirin Jersey, da ke tsakanin Ingila da Faransa, suka ƙware har wasu ke koyo daga gare su. Ga yadda ake yi.

Ka ajiye ɗan kwano ko kwalba mai lagwani da ruwan zaƙi a fili, nesa kaɗan da amyoyi. Wannan wurin cin abinci ne, ba a kama kowa. Idan rina ta saba zuwa, sai a ɗiga mata alamar launi a baya da irin alƙalamin da ake yi wa sarauniyar zuma alama, don a bambanta ta da 'yan uwanta. Rinar da ta ƙoshi da zaƙi takan miƙe kai tsaye zuwa gida. Ka tsaya inda za ka ga sararin sama, ka bi ta da ido ko madubin hangen nesa har ta ɓace, ka lura da bishiya ko rufin da ta bi ta kansa, ka ja layi a taswira. Tashin farko da na biyu ba abin dogaro ba ne, domin takan yi 'yan kewaye tana haddace wurin. Jira sai ta daidaita.

Sannan ka riƙe agogo. Daga tashinta zuwa dawowarta minti nawa? Ƙa'idar da masu bin sawu ke aiki da ita ita ce kowane minti ɗaya kimanin mita 100 ne tsakaninka da gidan. In tana dawowa bayan minti biyar, nemi gidan wajen mita 500 a kan layin da ka ja. Ka auna sau da yawa ka ɗauki mafi gajarta, saboda wani lokaci takan tsaya hutawa a hanya. Daga nan ka kafa kwano na biyu a wani gefe, ka ja layi na biyu; inda layukan suka haɗu, nan za a sa ido. Ka riƙa matsar da kwanon gaba har lokacin dawowa ya sauko zuwa minti ɗaya ko biyu. Yawanci ba sa yin nisa fiye da kilomita ɗaya daga gida don neman abinci. Ko an iso gindin bishiyar ma, ganin gidan cikin ganye aiki ne. A ja da baya, a duba ta kusurwoyi daban-daban, a nemi inda zirga-zirga ta yi yawa a saman reshe. Masu bincike a Jami'ar Exeter sun nuna cewa ana iya ɗaura wa rina 'yar na'urar rediyo a bi siginarta, kuma wasu hukumomi na amfani da hakan, amma kwano da agogo ne kayan aikin yawancin mutane.

A lura: a Birtaniya sakin rinar da aka riga aka kama laifi ne sai da izini, don haka a can kai rahoto ne naka, bin sawu na jami'ai ne da waɗanda suka ba dama. Ka san dokar ƙasar da kake kafin ka fara.

Mataki na shida: kawar da gidan ba aikinka ba ne

Rina ɗaya a kan fure ba ta cika kula mutum ba. Kusa da gidanta kuwa, cikin mita biyar ko makamancin haka, ko in an girgiza reshen, sukan fito da yawa a lokaci ɗaya, kuma ƙarinsu yana huda rigar kiwon zuma ta yau da kullum. An yi asarar rayuka a Faransa da Spaniya, galibi masu yankan shinge ko share ciyawa da suka ci karo da gida a ƙasa-ƙasa ba su sani ba. Kada ka harbe shi da bindiga, kada ka cinna masa wuta, kada ka watsa masa ruwa. Duk waɗannan tarwatsa su kawai suke yi, in sarauniya ta tsira kuma su sake gini. Masu sana'ar suna zuwa da riga mai kauri ta musamman da doguwar sanda mai tsawaita, su zura magani cikin gidan, an fi so da magariba ko asuba lokacin da kowa yana ciki, sannan su dawo bayan kwana biyu ko uku su sauke shi don kada tsuntsaye su ci guba. Wanda rina ta harba ya ji numfashinsa na sarƙewa, ko fuska da harshe na kumbura, ko jiri, a kira motar asibiti nan take. Lambar gaggawa a ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112.

Lokaci ne ke yanke hukunci a nan. Daga ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba gida yake fitar da maza da sabbin sarauniyoyi, ɗaruruwa daga gida ɗaya. Wanda aka kawar a Agusta ko farkon Satumba an kashe shi da zuriyarsa. A tsibirin Mayorka na Spaniya, inda rinar ta shiga a 2015, da irin wannan naci na neman gida ɗaya bayan ɗaya aka kai ga sanar da kawar da ita a 2020, ko da yake tsibiri ne, kuma an farga da wuri.

Idan ganye ya zube a Disamba za ka fara hango gidajen da suka ɓuya duk bazara, rataye a saman bishiyoyi. Yawancinsu sun zama kango, kuma rina ba ta komawa tsohon gida. Duk da haka ka kai rahotonsu, ka kuma yi musu alama a taswirarka, domin a kewayen nan ne wasu daga cikin sarauniyoyin suka kwanta, kuma rumfuna da garejin da ke kusa da wurin su ne za ka fara dubawa a watan Maris.